Idon Zuci da Hadda: Amsoshin Wasiƙunku

Masu karatu, assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na faɗi wata magana a gurguje, cewa a shekara 27 da na yi ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare ban cika shiga aji da takarda a hannu ba, domin darasin yana jere a ɗakunan gidan da na tashi a ciki, da idon zuci nake bi ina ɗaukowa. Ban zaci maganar za ta ja hankalinku haka ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa, kusan duk a kanta. Na zaɓi shida na taƙaita su, waɗanda ban kai ga tasu ba su yi mini uzuri.

Malama, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, shekarar farko. Nakan kwana ina bitar shafi ɗaya har sau goma, in ja layi a ƙarƙashin kowace magana, amma da an raba takardar jarrabawa sai kaina ya zama wayam. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne duk abin da ke da jeri, kamar hanyar da jini ke bi a cikin zuciya. Anya ba ƙwaƙwalwata ce ke da rauni ba? Don Allah ki koya mini wannan dabara ta ɗakuna. H. A.

Ɗiyata, ƙwaƙwalwarki lafiyarta lau. Bari in tambaye ki: taga nawa ce a gidan da kika girma? Ba ki taɓa zama kin haddace adadinsu ba, amma na san abin da kika yi yanzun nan. Kin shiga gidan a ranki, kin bi ɗaki-ɗaki kina ƙirgawa. Kan da ya riƙe miki gida guda cur, da tagoginsa da lungunansa, ba tare da kin yi bitarsa ko sau ɗaya ba, shi ne kan da kike zargi da rauni. Matsalar ita ce kina miƙa masa baƙaƙen rubutu zalla, shi kuwa ya fi ƙwarewa a riƙe wuri da siffa.

An gwada wannan. A 1973 wani masani a Kanada mai suna Lionel Standing ya nuna wa mutane hotuna 10,000 cikin 'yan kwanaki, kowane hoto daƙiƙa kaɗan. Da aka zo gwaji aka riƙa haɗa hoton da suka gani da wanda ba su taɓa gani ba, sai suka dace da kusan 83 cikin 100. Ba gwanayen hadda ba ne, mutane ne irina da irinki. Hausawa da suka ce gani ya kori ji sun san abin da suka faɗa.

Dabarar kanta tsohuwa ce ƙwarai. Cicero, shahararren mai jawabi na Rum, ya ruwaito asalinta a wani littafi da ya rubuta a shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce wani mawaƙin Girka, Simonides, yana wurin liyafa a gidan wani attajiri sai aka kira shi waje. Fitarsa ke da wuya rufin ɗakin ya rubzo a kan kowa, gawawwaki suka dagargaje har dangi suka kasa gane nasu. Simonides ya tsaya ya tuno inda kowa yake zaune, ya riƙa nunawa: wane a nan, wane a can. Daga nan aka fahimci cewa abin da aka ajiye a wani wuri sananne, ana iya komawa a same shi a nan. Masu jawabi na Rum da ita suka riƙa haddace jawaban da ake shafe sa'o'i ana yi.

To ga yadda ake yi, kuma da tambayarki zan nuna miki. Ki zaɓi gidan da kika sani ciki da bai, ki tsayar da wurare goma a kan hanya ɗaya, kullum a bi su a jere ba tsallake. Nawa su ne: ƙofar waje mai shuɗin fenti, famfon tsakar gida, igiyar shanya, bakin ƙofar falo, kujerar mahaifina, rediyonsa a kan kabad, madubin da ke bango, gadona, tagar ɗakina, sai ƙofar baya. Ki bi naki sau uku gaba, sau ɗaya da baya, kafin ki ɗora musu komai.

Yanzu jini. A ƙofar waje ina ganin matafiya biyu a galabaice, tufafinsu sun yi duhu, ɗaya ya diro ta saman katanga, ɗaya ya rarrafo ta ƙarƙashin ƙofa. Waɗannan su ne manyan jijiyoyi biyu masu dawo da jinin da ya gama aiki, ta sama da ta ƙasa. A kan famfo wani ƙaton hannun dama yana tsaye yana nuna sama: ɗakin zuciya na dama na sama ke nan. A igiyar shanya riguna uku ne jiƙe sharkaf, suna marin fuskar matafiyan, da sun wuce sai rigunan su manne da juna ba damar komawa: murfi mai leɓe uku. A bakin ƙofar falo hannun daman nan ne kwance a ƙasa, har suka yi tuntuɓe da shi: ɗakin dama na ƙasa. A kujerar mahaifina balan-balan biyu manya suna zaune suna minshari, su kumbura su lotse. Matafiyan suka shige cikinsu, suka fito da tufafi ja wur: huhu ke nan, inda jini ke sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Daga bayan rediyo wayoyi huɗu jajaye suka fito suna tartsatsi: jijiyoyi huɗu masu mayar da jinin zuwa zuciya. A saman madubi hannun hagu yana ɗaga mini gaisuwa: ɗakin hagu na sama. A gado filo biyu suna buɗewa suna rufewa kamar baki: murfi mai leɓe biyu. A ƙarƙashin taga wani ƙato ya durƙusa, damtsensa na hagu ya yi uku na dama: ɗakin hagu na ƙasa, wanda bangonsa ya fi na kowa kauri. Ya sunkuci matafiyan ya wurga su cikin wani lanƙwasasshen bututu da ya fasa ƙofar baya: babbar jijiyar da ke raba jini ga dukkan jiki.

Murafan zuciya huɗu ne, biyu na saka miki. Sauran biyun, na bakin hanyar huhu da na bakin babbar jijiya, ke za ki nemo musu wuri da siffa, kuma da gangan na bar su. Hoton da kika ƙirƙira da kanki ya fi wanda aka ba ki zama, don kafin ki ƙirƙira shi dole ki tsaya ki tambayi kanki mene ne abin, a ina yake, me yake yi. Rabin haddar a wannan tsayawar take.

Ki lura kuma babu hoton da ke zaune shiru. Akwai mari, akwai tuntuɓe, akwai minshari. Wani tsohon littafin koyar da jawabi na Rum, da ya girme wa na Cicero ɗin da kusan shekara 30, ya ba da wannan shawara: a yi hoton ya zama abin dariya, ko mummuna, ko kyakkyawa fiye da kima, a shafe shi da jini ko taɓo in ta kama, domin abin da aka saba gani kullum ba ya tsayawa a rai. Riga a kan igiya ba za ki tuna da ita ba. Rigar da ta mare ki da ruwan sanyi, da wuya ki manta.

Kada ki ce ai sai masu baiwa. A 2017 Martin Dresler da abokan aikinsa a jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun ɗauki mutanen da ba su taɓa koyon wannan dabara ba, suka horar da su minti 30 a kullum har kwana 40. Kafin horon, a cikin kalmomi 72 sukan tuna wajen 26. Bayansa suka kai wajen 62. Da aka sake kiran su bayan wata huɗu, har lokacin suna gaba da inda suka fara nesa ba kusa ba.

Sai abu na ƙarshe, wanda in kika bar shi duk ginin zai rushe. Hoto ma yana dushewa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da kwanan farko take afkuwa. Saboda haka ki zaga gidan da daren da kika gina shi, ki sake da safe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Kuma littafi a rufe. A wani gwaji da Roediger da Karpicke suka wallafa a Amurka a 2006, ɗaliban da suka yi ta maimaita karatun wani rubutu sun tuna 40 cikin 100 bayan mako guda, waɗanda suka karanta sau ɗaya suka yi ta gwada tunowa da ka kuwa sun tuna 61. Bitar nan sau goma da kike yi tana sa shafin ya zama sananne a idonki, sai ki ɗauka kin iya. A ɗakin jarrabawa ba shafin za a ba ki ba. Ki rage ta zuwa biyu, sauran lokacin ki rufe ido ki yi tafiya, kuma ki yi barci, don a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana.

Malama, na gwada abin da kika faɗa. Na rufe ido don in ga ɗakina, ban ga komai ba sai duhu. Na san inda gado yake, na san launin labule, amma gani kam ba na gani. Ko fuskar mahaifiyata ba na iya kawowa. Da na gaya wa matata sai ta yi mamaki, ta ce ita tana gani kamar talabijin. Shekarata 34, sai yanzu na san mutane da gaske suke in sun ce idon zuci. Ciwo ne? S. M.

Ƙanena, wasiƙarka ta taɓa ni, musamman maganar fuskar mahaifiya. Ka kwantar da hankalinka, ba ciwo ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun 1880 Francis Galton a Ingila ya tambayi mutane su kawo teburin da suka karya kumallo a kai a ransu su faɗi yadda suke ganinsa. Wasu suka ce tar kamar a gabansu, wasu suka ce dishi-dishi, wasu kuwa, har da manyan masana kimiyya, suka ce babu abin da suke gani, sun ma ɗauka maganar salon zance ce kawai. A 2015 wani likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Exeter, Adam Zeman, ya raɗa wa abin suna afantasiya. Ƙiyasin da ake yi, tsakanin mutum 1 zuwa 4 ne a cikin 100, gwargwadon inda aka ja iyaka. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar mai yin finafinan zane da kwamfuta, ya bayyana cewa haka yake, kuma dubi sana'ar da ya yi suna a kai.

Amsar tambayarka tana cikin wasiƙarka. Ka ce ka san inda gado yake. Sanin wuri daban, ganin hoto daban. In aka ɗauke wuta da dare za ka iya tashi ka laluba har ƙofa ba ka yi karo da komai ba, ko ba haka ba? Wannan taswirar ita ce ƙashin bayan dabarar. Tun 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hipokamfus akwai ƙwayoyin da ke motsawa idan ɓera ya kai wani wuri takamaimai, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2014 tare da May-Britt da Edvard Moser. Taswirarka tana nan daram.

Saboda haka ka yi amfani da wuraren, amma maimakon gani ka sa labari da motsi da sauti. Ka faɗa da baki: “A bakin ƙofa na yi tuntuɓe da maƙulli, ya yi ƙara, yatsana ya yi zafi.” In kana gida ka taka da ƙafarka ka taɓa wurin da hannu. Kana iya zana abin a takarda ko da zanen yara ne. In ka gwada mako biyu ka ga ba ta karɓe ka ba, ka bar ta ba tare da baƙin ciki ba, ka riƙe rufe littafi da tunowa da ka a tsakanin kwanaki, wannan ba ya bukatar hoto ko ɗaya. Sai dai ga wanda da yana gani sannan abin ya ɗauke masa kwatsam, bayan buguwa a kai ko wata rashin lafiya, shi kam ya ga likita.

Ina koyon Faransanci da Sifaniyanci saboda aiki. Kalmomin ba sa zama. Wannan dabara za ta yi a nan? R. I.

Za ta yi, ƙanwata, amma a nan ba ki bukatar gida. Ki saurari yadda kalmar ke fita a baki, ki nemo kalmar Hausa mai kama da ita, ki haɗa su a hoto guda suna yi wa juna wani abu. Faransawa na kiran kyanwa chat, a baki “sha”. To ga kyanwa ta tsoma kai cikin bokiti tana ta sha har cikinta ya taɓa ƙasa. Tashar jirgin ƙasa gare ce, a baki “gar”: gara ta cinye tasha, benci da allon sanarwa duk sun zama gari. Da Sifaniyanci gida casa ne, a baki “kasa”: kasa ta naɗe a bakin ƙofar gidanku ta hana kowa shiga. Na tabbata ko jibi aka tashe ki daga barci za ki faɗi ukun nan.

Sharaɗin shi ne abubuwan biyu su cuɗanya. Kyanwa a gefe, bokiti a gefe, ba ya aiki. A 1975 Atkinson da Raugh sun gwada wannan hanya a jami'ar Stanford da kalmomin Rashanci 120: masu amfani da ita sun tuna 72 cikin 100, sauran 46. Amma ki ɗauke ta a matsayin sandar dogarawa. Ba za ki tsaya tsakiyar hira kina neman kyanwa da bokiti ba. Ki sa kalmar cikin jimla a ranar da kika koye ta, ki faɗe ta, ki ji ta a bakin masu harshen, har ranar da za ta zo da kanta hoton ya faɗi. Kuma ki kula da lafazi, domin kamar da kalmar Hausa ta yi da ita kusa ce kawai, kada ta ja harshenki.

Na fara sabon aiki, mutane sun fi arba'in. Ana gaya mini suna, kafin mu saki hannu ya gudu. Kunya ta ishe ni. A. B.

Ɗana, yawancin sunayen da muke cewa mun manta ba mu ma ji su ba, domin a lokacin hankalinmu na kan abin da za mu ce. Ka fara da ji. Ka maimaita sunan a cikin gaisuwar, in bai fita sosai ba ka ce a sake faɗa maka, babu wanda zai ji haushin haka. Sannan ka dubi fuskar ka zaɓi abu ɗaya da ba ya canzawa, gira ko goshi ko wushirya, ba tufafi ba. In ka san wani mai irin sunan, ka tsayar da shi a kafaɗar sabon yana jan girar nan. In ba ka sani ba, ka nemi ma'anar sunan ko abin da ya yi kama da shi a sauti. Biyar a rana sun isa. Da yamma ka zaga ofis ɗin a ranka tebur-tebur kana kiran sunan mai kowane, ka ga a nan wuraren ma a shirye suke ba sai ka gina ba. Hotunan kuwa naka ne kai kaɗai, ba a faɗa wa mai su.

Malama, ni ma malami ne, kuma da girmamawa ban yarda da ke ba. Wannan ai haddar aku ce aka sa mata kwalliya. Yaro zai jero abu goma bai san ma'anar ko ɗaya ba. Ban da haka na gwada da kaina, da na sa jeri na biyu a gida ɗaya sai suka cakuɗe. Y. U.

Malam, na gode da ka faɗi gaskiyarka, kuma rabin maganarka ina tare da kai, don na gani da idona. Akwai wata yarinya da na koyar, haziƙa, ta jero mini hanyar jini daga farko har ƙarshe ba gargada, ta kuma jero ta da baya. Na ji daɗi sosai. Sai na tambaye ta me ya sa bangon ɗakin hagu na ƙasa ya fi na dama kauri. Ta yi shiru, idonta ya ciko da ƙwalla. Laifin nawa ne ba nata ba, domin a lokacin abin da na ajiye a ƙarƙashin taga hannun hagu ne kawai kwance. Ranar ban yi barcin kirki ba. Daga nan ne ƙaton nan mai kaurin damtse ya shigo, kuma na sa shi yana wurgi, domin duk wanda ya gan shi ya tambayi ina yake wurga su. Na dama huhu kawai zai kai jini, ga shi nan kusa. Na hagu sai ya kai shi har tafin ƙafa. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na barin ɗalibi ya gina hoton abin da bai iya bayyana mini da bakinsa ba tukuna, kuma in da hali dalilin ya shiga cikin hoton.

Inda na rabu da kai shi ne raina hadda. Ɗalibin da ke fama da tuno mene ne ke bin mene ba shi da sararin tunanin dalili, kansa ya cika. Wanda jerin ya zauna masa shi ke da sukunin tambaya. Kuma ban ce dabarar na ƙara basira ba. A 2003 Eleanor Maguire ta binciki gwanayen hadda 10 a Landan, mafi yawansu masu shiga gasar hadda ta duniya da aka fara a 1991. Ba ta same su da basirar da ta wuce ta sauran mutanen da aka gwada ba, ba ta ga bambanci a ginin ƙwaƙwalwarsu ba. 9 daga cikinsu wannan dabarar ta wurare suke amfani da ita, kuma sassan da ke kula da sanin hanya ne ke aiki lokacin da suke hadda. Kayan aiki ne mai iyaka: yana da kyau ga jeri, matakai, rabe-rabe, kanun jawabi. Lissafi kuwa sai an yi ta warwarewa da hannu, haddar nassi kalma da kalma kuma sai maimaici da kunne da harshe, hoto iyakarsa ya riƙe maka kan kowane sashe.

Cakuɗewar da ka gani kowa ya gamu da ita. Abin da kake so ya daɗe, ka ba shi gidansa shi kaɗai. Ni ina da gidan da na tashi, da makarantar da na yi, da hanyar da na riƙa bi zuwa aiki, da wasu da dama. Na abin yau da gobe kuwa, ka bar shi ya huta kwana biyu ko uku kafin ka sake ɗora masa kaya. Ka kuma kula da haske da bambancin wurare. Likitan Rasha Alexander Luria ya shafe kusan shekara 30 yana nazarin wani ɗan jarida, Solomon Shereshevsky, mai jera abubuwa a kan wani titi na Mosko a ransa. Da wuya ya yi kuskure, in kuwa ya yi, sai a tarar matsalar ajiya ce. Ya taɓa tsallake kalmar ƙwai don ya jingina shi da farin bango, da ya zo wucewa bai gan shi ba.

'Yata, shekarata 71. Likita ya ɗora ni a kan maganin hawan jini safe da dare. Wani lokaci in manta, wani lokaci kuma in rasa ko na sha ko ban sha ba. Jikana ya karanta mini shafinki. Tsoho ma zai iya? M. D.

Baba, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tsoho zai iya, kuma an gwada a kan dattawa. A 2004 Linda Liu da Denise Park a Amurka sun koya wa wasu dattawa auna sukarin jini, aka ce su riƙa yi a lokuta ƙayyadaddu har mako uku. Waɗanda aka sa suka zauna 'yan mintoci suna kawowa a ransu inda za su kasance da abin da za su yi idan lokacin ya zo, sun fi sauran cika alkawarin da kusan rabi.

Ga yadda za ka yi. Kada ka ɗaura maganin da agogo, ka ɗaura shi da abin da ba ka taɓa fashinsa, misali wanke baki da safe. Yau da dare ka zauna ka ga kanka gobe: ka ajiye buroshi, hannunka na jiƙe, ka juya dama, ga kwalin magani kusa da kofi, ka ɓallo ƙwaya, ka ji sanyin ruwa a maƙogwaro. Ka maimaita sau uku, kuma ka ajiye maganin a daidai wurin da ka gan shi, inda hannun ƙananan yara ba ya kai. Na dare ma ka nema masa nasa abin.

Amma Baba, kashi na biyu na tambayarka, wato ko na sha ko ban sha ba, a nan ina roƙonka kada ka dogara da idon zuci ko kaɗan. Ƙwaƙwalwa ba ta cika bambance abin da aka yi da abin da aka kawo a rai ba. Masu bincike, cikinsu har da Elizabeth Loftus, sun nuna a 1996 cewa sa mutum ya siffanta wani abu a ransa kawai na ƙara masa jin cewa abin ya taɓa faruwa da shi. Wanda ya ga kansa yana shan magani sau uku jiya da dare, yana iya rantsewa da rana cewa ya sha alhali bai sha ba. Maganin hawan jini kuwa ba a wasa da tsallake shi, ba a kuma ninka shi. Ka sa jikanka ya samo maka ɗan akwatin magani mai gida-gida na kwana bakwai, mai safe da dare, a riƙa cika shi rana ɗaya a mako. In gidan yau babu komai, ka sha. In kuwa wata rana ta wuce ka, kada ka haɗa biyu a lokaci ɗaya, ka tambayi likitanka ko mai ba da magani tun yanzu abin da za ka yi in hakan ta faru, a rubuta maka a manna a jikin akwatin.

Manta inda aka ajiye tabarau, ko suna ya maƙale a harshe ya dawo an jima, wannan kowa na yi, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Wanda nake so iyali su sa wa ido shi ne mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya cikin ɗan lokaci, ko ya ɓace a hanyar da ya saba bi, ko aikin da ya iya shekara da shekaru ya fara gagarar sa. In ka ga haka, ko na kusa da kai suka gani, a je asibiti da wuri. Ba kowace mantuwa ce ta tsufa ba. Ƙarancin sinadarin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, rashin barci, damuwa, raunin ji, har wasu magungunan kansu suna kawo ta, kuma da yawansu ana magance su. Ranar da za ka koma ganin likita ka tafi da wanda kuke kwana gida ɗaya, don shi zai faɗi abin da ya lura da shi, ku kuma ɗauki duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da waɗanda ba likitan ne ya rubuta ba.